Yankari a Hutun Sallah: Jeji Mai Faɗi, Jama'a a Kusurwa Ɗaya

Washegarin Sallah, tun kafin hantsi ya dubi ludayi, hanyar da ta tashi daga Bauchi ta nufi Gombe takan ɗauki nauyin da ba ta saba ɗauka ba a sauran ranaku. Ƙananan motoci maƙare da iyalai, bas-bas na ƙungiyoyin samari da na tsofaffin ɗalibai, har da 'yan babura masu goyo, duk sukan rage gudu idan sun iso Dindima, su saki babban titi su karya kudu. Lambobin motocin kaɗai sun isa su gaya maka nisan da aka taso: Kano, Jos, Gombe, Yobe, Kaduna, Abuja. Kowa da sabon ɗinkinsa, an kuma cusa kulolin shinkafa da soyayyen nama da cincin a bayan mota. Inda aka dosa ɗaya ne, gandun namun daji na Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi.

Faɗin wannan gandu murabba'in kilomita 2,244 ne. A lissafi, ko da mutum 10,000 za su shiga a rana ɗaya, idan aka warwatsa su, kowane murabba'in kilomita ba zai samu mutum biyar ba. Amma wanda ya je a hutun Sallah ko na Kirsimeti, labarin cunkoso yake dawowa da shi: layi a ƙofa, layin motar zagaya daji, layin abinci, turereniya a bakin ruwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kusan kowa a sa'o'i ɗaya yake isowa, wuri ɗaya yake nufa, abu ɗaya kuma yake nema. Jejin bai cika ba, sansanin Wikki ne ya cika.

Baƙin jiya da na yau

A shekarar 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe dajin Yankari don kare namun daji, aka buɗe shi ga masu ziyara ranar 1 ga Disamba, 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ta mai da shi gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 aka mayar wa jihar Bauchi, wadda ke riƙe da shi har yau. A shekarar 2000 an ƙiyasta cewa baƙi fiye da 20,000 ne suka ziyarce shi, daga ƙasashe sama da 100.

Rikicin da ya addabi Arewa maso Gabas daga 2009 ya rage zuwan baƙin waje ƙwarai, 'yan gida suka zama su ne ƙashin bayan ziyarar. Wannan sauyi ya canja kalandar wurin gaba ɗaya. Bature mai yawon buɗe ido yakan zaɓi makon da ya ga dama a cikin rani, ya kwana uku ko huɗu, ya fita da asuba da madubin hangen nesa. Ma'aikacin gwamnati daga Kano ko ɗan kasuwa daga Azare ba shi da wannan zaɓi. Kwana biyun da gwamnati ta ba da hutu su ne nasa, a lokacin ne yara ba su makaranta, a lokacin ne kuma akwai ɗan canjin goron Sallah a aljihu. Saboda haka wurin da zai iya wuni shiru a tsakiyar mako sai ya karɓi jama'ar wata guda a cikin kwana uku, yawancinsu kuma masu zuwa su koma a ranar.

Ƙofar Mainamaji

Daga Dindima zuwa ƙauyen Mainamaji, inda babbar ƙofa take, tafiyar kimanin kilomita 29 ce. A ranar da ba ta hutu ba, tsayuwar ƙofa 'yan mintoci ce: a rubuta mota, a ƙirga mutanen ciki, a biya, a ɗaga shinge. Ranar hutu kuwa, ka yi sammako ka tarar wani a tafe ya kwana. Bas ɗaya mai mutum talatin takan cinye lokacin motoci da yawa, domin sai an tantance babba da yaro da ɗalibi, jagoran tafiya kuma yana ta neman ragi, yana cewa ranka ya daɗe ai duk yara ne, a duba mana. Na baya suna danna oda, rana tana ƙara ɗagawa.

Bayan ƙofa akwai sauran tafiyar kimanin kilomita 42 kafin a kai sansanin Wikki, kuma duk a cikin gandun take. Wannan ita ce zagayar farko da baƙo ke samu ba tare da ya ƙara ko sisi ba. Hanyar ta ratsa ta cikin kawo da marke da taura da madobiya, da kukoki jefi-jefi. Zabin daji kan tsallaka a jere, gwaggon biri kan zauna a gefen kwalta, mai sa'a yakan hango mazo ko gwanki sun tsaya suna kallonsa. Sai dai direban da ya ɓata awa guda a ƙofa yana son ya rama a kan hanya, sai ya taka mota. Da gudun da ƙarar kiɗa, duk abin da ke kusa da titi ya riga ya nausa daji kafin yaran da ke bayan mota su waiwaya. Gudun ma haɗari ne ga dabbar da ta fito tsallakawa, da motar da za ta yi karo da ita. Ledojin ruwa da ake wurgowa ta taga kuwa nan suke zama, har wata dabba ta haɗiye su.

Ruwan da ya tara kowa

Da yawan masu zuwa Yankari a ranar hutu, in za su faɗi gaskiya, ruwan Wikki ne ya kawo su, giwa ƙari ce. Daga sansanin ake gangarawa ta matakala zuwa wani kwari mai inuwar manyan itatuwa, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse mai tsayi. Ɗuminsa ba ya canjawa, digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Shi ya sa a lokacin hunturu ake jin sa da ɗumi, a bazara kuma, lokacin da zafin rana ke kaiwa digiri 40, ake jin sa da sanyi. Faɗinsa kimanin mita 13 ne, zurfinsa ya kusa mita 2 a inda ya fi zurfi, kuma garau yake har ana ganin yashin ƙasansa. An ƙiyasta cewa lita miliyan 21 yake fitarwa kowace rana, yana gangarawa ya faɗa kogin Gaji.

Daga azahar zuwa la'asar a ranar hutu, wurin yakan koma kamar kasuwa ranar da take ci. Samari suna tsalle suna watsa ruwa, yara suna ihu a inda bai kai gwiwa ba, masu waya sun ɗaga hannu sama suna ɗaukar hoto da bidiyon da za a ɗora a TikTok da Facebook kafin magariba. A gefe an shimfiɗa tabarmi da darduma, an buɗe kuloli. Farin ciki ne na gaske, kuma ga yaron da ya tashi a birnin da ba shi da kogi, wannan na iya zama karo na farko da ya tsunduma jikinsa duka a ruwa mai gudana.

Nan ne kuma haɗarin yake. Tsabtar ruwan tana yaudarar ido, mutum ya ga yashi ya ɗauka kusa yake. Wanda bai iya iyo ba, idan abokai suka zuga shi ya matsa wajen dutsen, sai ya ji ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. A cikin hayaniya kuwa, ihun mai neman ceto da na mai wasa ba su da bambanci a kunne. Iyayen da suka saki yara suka koma hira sun dogara ne da cewa ai akwai mutane, alhali kowa harkar gabansa yake yi.

Akwai kuma waɗanda cunkoson ke hana wa ruwan ɗungurungum. Mata da yawa, matan aure da 'yanmata, sukan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita su ƙare da zama a bakin ruwa da hijabinsu, sun tsoma ƙafa kawai, domin kunya ba za ta bar su su shiga tsakiyar samari ba. Kuɗin shiga ɗaya suka biya da kowa, amma rabin abin da suka zo nema suka samu.

Gudanar ruwan ita ce ke tseratar da shi daga ƙazantar taron, domin kullum sabo ke tura tsoho. Amma abin da aka tura bai ɓace ba. Kumfar sabulu, ledar biskit, gorar lemo da kunzugun jarirai duk hanyar Gaji suke bi, kogin da dabbobin gandun ke sha daga gare shi a tsawon rani.

Ina giwar?

Babu tambayar da ɗan jagora ke sha a ranar hutu kamar wannan. Buɗaɗɗun motocin zagaya daji sukan fita da safe da kuma yamma, a ranar cunkoso kuwa kujera ta fi kuɗi wuyar samu. Wanda ya samu ya hau da zumuɗi, bayan awa biyu ya sauko yana cewa shi dai bai ga komai ba sai birai da kashin giwa, wai an ci kuɗinsa.

Mai wannan ƙorafi ya saba ne da gidan zu, irin na Audu Bako da ke Kano, inda zaki ke cikin keji da sunansa a rubuce, ko yana so ko ba ya so sai an gan shi. Yankari gidan dabbobin ne, mutum shi ne baƙo, kuma ganinsu yana bin ƙa'idodin da ba ruwansu da hutun gwamnati.

Na farko, lokacin shekara. Da damina, daga Mayu zuwa Satumba, ciyawa kan fi mutum tsayi, ruwa ya kwanta ko'ina, dabbobi su bazu. Da rani ya kama, tafkuna su ƙafe, an ƙone ciyawa ko ta bushe, sai dole su gangaro kwarin Gaji. Saboda haka daga Fabrairu zuwa Afrilu aka fi ganinsu. Na biyu, lokacin yini. Dabba takan yi kiwo ta sha ruwa da sanyin safiya da kuma yammaci, tsakar rana tana kwance a inuwa. Wanda ya baro Kano bayan asuba, ya yi kusan kilomita 300 zuwa Bauchi, ya ƙara fiye da 100 zuwa Wikki, ya kuma tsaya layi a ƙofa, zai iso ne daidai lokacin da jejin ke barci.

Na uku, hayaniya. Giwa tana da kaifin ji da kaifin hanci, ba ta kuma mantuwa. Garken giwaye tsohuwar uwa ce ke jagorantarsa, kuma uwayen Yankari sun rayu a shekarun da ƙarar mutum ke nufin bindiga. Mota mai ɗauke da mutum ashirin, wani ya kunna waƙa a waya, wani yana amsa kira yana cewa wallahi muna cikin dajin yanzu haka, wasu suna ihun ga ta can, ta isa ta kori garke tun daga nesa. Motar farko ta safe takan yi dace. Ta uku da ta huɗu sawu kawai suke tararwa.

Sai kuma lissafi. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta gano giwaye kusan 350. Masu farautar haure suka yi musu ɓarna a shekarun da suka biyo baya, har aka koma ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150. Duk da haka suna cikin garkuna mafi girma da suka rage a Najeriya. Zaki kuwa, Yankari da gandun Tafkin Kainji ne kaɗai aka san ya saura a ƙasar, ba su da yawa, kuma yawancin yini a kwance suke. Wanda ya gan shi ya yi babbar sa'a.

Mai haƙuri ba ya dawowa hannu rabbana. Akwai gwambaza a bakin fadama, akwai ɓauna da kanki da gwanki, akwai dorina da kada a ruwa, akwai jan biri. Tsuntsaye sun haura iri 350, daga burtu mai tafiyar ƙasaita zuwa cilakowa da balbela. Yaron da aka nuna wa bambancin sawun kura da na zaki, ko reshen da giwa ta karya jiya da dare, ya koyi abin da keji ba zai koya masa ba.

Biran da suka san ranar Sallah

Dabbobin da cunkoso bai kora su ne waɗanda suka gano ribarsa. Gwaggon biri da gadu suna yawo a cikin sansanin Wikki ba tsoro. Gadu nasa da sauƙi, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa yana kiwo a gaban ɗakunan kwana. Gwaggon biri kuwa ya san leda, ya san kula, ya san ƙofa ko tagar da aka bari a buɗe, ya kuma lura cewa yaro da mace sun fi saurin sakin abin da ke hannunsu. Kafin a ce kwabo ya fizge ledar nama ya haye bishiya, jama'a suna dariya suna ɗaukar bidiyo.

Abin dariya ne har sai ya yi cizo. Namijin gwaggon biri yana da fiƙoƙi masu tsawo da ƙarfin da ya fi na yaro nesa ba kusa ba. Duk wanda ya miƙa masa ayaba don a yi masa hoto, yana koya masa ne cewa hannun mutum wurin abinci ne, kuma baƙon gobe ne zai biya kuɗin wannan darasi.

Su ma biran cutuwa suke yi. Masanin nan na Amurka, Robert Sapolsky, ya shafe shekaru yana nazarin wani garken gwaggon biri a Kenya. A farkon shekarun 1980 mazan garken mafi ƙarfi suka koyi zuwa bolar wani masaukin 'yan yawon buɗe ido, suka ci naman shanu mai ɗauke da tarin fuka, cutar ta kashe da yawa daga cikinsu. Bolar da aka bari a buɗe bayan kwana uku na biki ba ƙazanta ce kawai ba, tarko ce.

Inda ba kowa

Abin mamaki, a daidai lokacin da ake turereniya a bakin ruwa, akwai wuraren da ba su samun ko kashi ɗaya cikin goma na wannan jama'a. Yankari ba dajin dabbobi ba ne kaɗai, tsohon mazaunin mutane ne. Akwai Kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen can baya suka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda aka sa wa sunan mai binciken da ya bayyana su a 1980. Akwai rijiyoyin Dukkey, guda 139, da aka haƙa aka haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa don tara ruwa. A Shau Shau akwai tsofaffin matoyan tama kimanin 60 da ke tsaye har yau, shaidar cewa an narka ƙarfe a nan tun kafin zuwan Turawa. Akwai dutsen Tunga Dutse mai zane-zane, da tudun Kalban inda ake hango jejin ya miƙe iyakar gani. Wikki ma ba ita kaɗai ce maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ba, akwai irin su Dimil da Gwana.

A cikin sansanin kansa akwai ɗakin adana kayan tarihi, mai ɗauke da ƙasusuwa da fatu da haure, da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga mafarauta. Minti ashirin a ciki ya isa ya amsa tambayar ina giwar fiye da duk bayanin ɗan jagora. Yawancin masu zuwa su koma a ranar ba su ma san da shi ba, domin ba wanda ya gaya musu kafin su taso, lokacin da ya rage musu kuma bai fi na wanka da hoto ba.

Jama'ar ba abokan gaba ba ne

Da sauƙi mutum ya ga leda da hayaniya ya ce da ma a hana wannan taro. Kuskure ne. Abin da ya rage giwayen Yankari ba yara masu wanka ba ne. Masu farautar haure ne, da masu harbin nama don kasuwa, da shanun da ake kutsawa da su kiwo cikin gandun. Masu gadin dajin suna kwana a jeji suna fuskantar mutane masu makami, an kuma sha rasa rayuka a cikinsu. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta fara tallafa wa Yankari a 2009, a 2014 ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jihar Bauchi kan tafiyar da sintiri, aka kuma ɗaura wa wasu giwaye na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya. Daga tsakiyar 2015 an shafe shekaru ba a tsinci gawar giwar da mafarauta suka harbe ba.

Irin wannan aiki kuɗi yake ci, yana kuma buƙatar jama'ar da za su damu idan ya tsaya. Dajin da ba mai zuwa, ba mai tambayar lafiyarsa, wata rana sai a wayi gari an yanka shi gonaki ko an mai da shi gawayi. Gandun Kamuku da ke Birnin Gwari misali ne na abin da ke faruwa idan rashin tsaro ya raba daji da baƙinsa. Kowace bas da ta tsaya a Mainamaji shaida ce cewa wurin yana da masu shi. Haka kuma mai sayar da rake da mai tsire da mai fetur a kan hanyar suna samun cinikin da ke nuna musu amfanin maƙwabtaka da gandun. Wannan yana da muhimmanci, domin manoman ƙauyukan da ke kewaye su ne giwaye ke shiga wa gona su tattake dawa da masara a dare ɗaya. Manomin da bai taɓa ganin ribar giwa ba, wuya ne a roƙe shi ya yi mata haƙuri.

Saboda haka maganar ba ta rage jama'a ba ce, ta tsara su ce.

Yadda wasu suka yi

Ba Yankari ne kaɗai ke fama da wannan ba. A gandun Kruger na Afirka ta Kudu, wanda ya ninka Yankari kusan sau tara, kowace ƙofa tana da adadin masu ziyarar yini da take karɓa, a lokutan hutu kuma ana shawartar mutum ya kama gurbi tun kafin ya taso, in ba haka ba ya iya tarar da an cika. A gandun Yosemite na Amurka an fara neman izinin shiga na musamman a 2020, aka kuma sake amfani da tsarin a wasu lokutan cunkoso na shekarun baya. A Ruwanda, mutum takwas kacal ake bari su ziyarci kowane garken gorila a rana, na awa ɗaya, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayen ƙasar yana komawa ga ƙauyukan da ke kewaye.

Ba duka ne zai dace da mu ba. Tsadar da za ta mai da Yankari wurin masu kuɗi kaɗai za ta kashe abin da ake son rayawa. Amma akwai gyare-gyaren da ba su buƙatar biliyoyi. A bar ƙungiyoyi da makarantu su biya ta waya tun kafin ranar, a ware musu layinsu a ƙofa. A raba tikitin motar zagaya daji da lokaci a rubuce, a kuma rarraba motocin hanyoyi daban-daban, wasu Gaji, wasu Kogunan Marshall da rijiyoyin Dukkey. A ware wa mata da ƙananan yara sa'o'insu a ruwan Wikki. A ƙara masu ceto da kwandunan shara masu murfin da biri ba zai iya buɗewa ba a ranakun biki. A yi rangwame a tsakiyar mako da makon da ke bin Sallah, don mai iya jinkirtawa ya jinkirta. A kuma tuna wa jama'a cewa jihar tana da gandun Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya a 2006, wanda zai iya ɗauke wani kaso na masu yawon Sallah.

Kalanda ma tana gargaɗi. Sallah tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Ƙaramar Sallah ta 2025 ta faɗo ranar 30 ga Maris, tsakiyar lokacin da dabbobi suka fi matsuwa da ruwan Gaji. Zuwa 2030 babbar Sallah za ta shigo Afrilu, a ƙarshen 2033 kuma ƙaramar Sallah za ta faɗo a makon Kirsimeti. Ma'ana, taro biyu mafi girma na shekara za su haɗu a ƙofa ɗaya. Akwai isasshen lokacin shiri ga wanda ya so.

Ga mai niyyar zuwa

Idan hali ya yi, ka kwana. Wanda ya kama ɗaki tun da wuri, ko ya kwana a Bauchi ya kama hanya da asuba, shi ne ke samun motar safe, ya kuma samu ruwan Wikki kafin jama'a su iso ko bayan sun watse. Idan za ka iya ɗaga tafiyar zuwa kwana huɗu ko biyar bayan Sallah, wurin ɗaya ne, kuɗin ɗaya ne, amma abin da za ka gani ba ɗaya ba ne. Ka tambayi halin hanya kafin ka taso, ka cika tanki, ka riƙe tsabar kuɗi da ruwan sha, kada kuma ka bar dare ya same ka a hanyar komawa.

A cikin gandun ka rage gudu, ka kashe kiɗa, kada ka sauka daga mota sai ɗan jagora ya ce. Kada ka ba biri komai, ka rufe ƙofa da taga, abinci ya zauna a mota. Yaron da bai iya iyo ba kada ya wuce inda hannunka zai kai. Ka zo da buhun da za ka zuba sharar iyalinka, ka fita da ita. Tun a gida kuma ka gaya wa yara gaskiya, cewa za a je gidan giwa ne, mai yiwuwa a same ta, mai yiwuwa ta fita kiwo.

Hukumomin jihar Bauchi su ne da alhakin tsara ƙofa da motoci da bakin ruwa kafin hutu mai zuwa. Amma ledar da ke hannunka, da ƙafarka a kan totur, da ayabar da ɗanka ke shirin miƙa wa biri, waɗannan ba su jiran kasafin kuɗi. Yankari na cikin 'yan wuraren da suka rage a Najeriya inda giwa da zaki ke rayuwa a sake. Ka je, ka kai iyalinka, ka kuma bar shi yadda jikokinka za su same shi.